Zumunta A Ƙafa Take: Kwana Biyu A Birni Tare Da Amini

Idan kaka ta yi a ƙasar Funtua da Malumfashi, masara ta shiga buhu, dawa ta shiga rumbu, auduga kuma ta kama hanyar gidan gurza, a sa'an nan ne ma'aikaci yakan sami damar miƙe ƙafa. A wannan yanki da wuya ka sami malamin makaranta ko akawu wanda ba ya taɓa noma. Daga Litinin zuwa Juma'a yana wurin aiki, Asabar da Lahadi yana gona, da dare kuwa ga yara da hidimarsu. Abin da ke shan wuya a tsakanin waɗannan duka shi ne aminci. Mutum biyu da suka kwana ɗaki ɗaya a makaranta sai su shekara ba su zauna ba, sai gaisuwa a waya, ko kuwa su haɗu a wurin jana'iza.

Shawararmu a yau ita ce, ko da sau ɗaya a shekara, mutum ya ware Asabar da Lahadi, ya danƙa yara a hannun wanda ya amince da shi, ya ɗauki amininsa su tafi birni. Waɗansu za su ce almubazzaranci ne, waɗansu su ce gudun nauyi ne. To, a tsaya a duba.

Hausawa ba su taɓa ɗaukar aminci abin wasa ba. Amini shi ne abokin ango ranar aure, shi ne mai shiga tsakani idan gida ya rikice, shi ne mai riƙe asiri. Haka ƙawa take a wurin mata. A garin Giwa, a kan hanyar Funtua zuwa Zariya, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954. Duk wanda ya karanta shi zai ga yadda ƙawance yake da ƙa'idodi a wurin iyayenmu, da kyauta da ramuwa da ziyara a kowane biki. Abin da su suka riƙe a al'adance, duniya sai yanzu ta farga da shi, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a 2023 a kan illar kaɗaici ga lafiyar ɗan Adam.

Me ya sa za a bar yara? Ba don ƙi ba ne. Akwai maganar da ba a yi a gabansu: bashin da ya hana barci, ciwon da ake ɓoyewa, saɓani da iyali, fargabar ranar barin aiki. A gida kuwa zance ba ya nisa, kafin a kai tsakiya an yi sallama, ko ƙarami ya faɗi ya fasa baki. Sai an bar gari, inda ba mai neman sa hannu a takarda, sa'an nan harshe yake sakewa.

Ga mutumin Funtua, Zariya ce kusa, tafiyar ba ta kai awa biyu ba, ta Giwa da Shika. Kafin a shiga gari akwai Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922, wurin da ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello bayan kafa ta a 1962. Irin auduga na SAMCOT da na masara na SAMMAZ da ake shukawa a gonakinmu daga can suka fito, ya kamata manomi ya san mafarin abin da ke cikin buhunsa. A Tudun Wada akwai gidan Gaskiya, wanda aka kafa a 1945, inda aka buga jarida da littattafan da suka koya wa iyayenmu karatun boko. A cikin birni kuwa, kusa da fadar Sarkin Zazzau, nan ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 190 ke nan. Da la'asar sai a nufi gindin dutsen Kufena a sha iska.

Mutumin Malumfashi kuma yana iya bin hanyar Gwarzo ya faɗa Kano, ya hau Dala, ya zaga Gidan Makama, ya ga marinar Ƙofar Mata, ya ɓace a lungunan kasuwar Kurmi. Amma fa a lura, ba don a ƙirga wurare aka fito ba. Wuri biyu ko uku sun isa. Sauran lokaci na hira ne, a kan tabarma, da tsire da shayi.

Sai dai tafiyar tana da sharuɗɗa. Na farko, yara amana ne. A bar su da kaka ko gwaggo ko inna, a bar cefane da kuɗin magani, a gaya musu ranar dawowa, a kuma cika alkawari. Na biyu, a yi ta da yardar iyali. Magidancin da ya fita bana, ya tuna uwargida ita ma tana da aminiya a Zariya ko Kano, ya sahale mata ta je ta yadda addini da al'ada suka yarda, ta sauka a gidan dangi, shi kuma ya ɗanɗana tsaron gida.

Na uku, aljihu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tsalle, saboda haka a fara tanadi tun damina, a raba kuɗin masauki biyu, kada a ci bashi domin yawo. Na huɗu, tsaro. Ba wanda ya manta ɗaliban Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disamba ta 2020. A shiga mota a tasha, a tashi da hantsi, a dawo kafin magariba, a kuma sanar da gida inda aka sauka.

Ku kuma ɗalibai, ku dubi wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya da shi a yau. Aiki zai raba ku, aure zai ƙara nisa. Wanda bai saba taka ƙafa tun yanzu ba, ranar da ya nemi kunnen da zai saurare shi zai tarar hanya ta yi ciyawa. Allah Ya bar zumunci, Ya kai kowa gida lafiya.