Yadda golan hoki ke tarar ɗan gaba

A filayen ƙwallo na Ƙaura Namoda da Shinkafi, da zarar ɗan gaba ya tsinke ya nufi raga, 'yan kallo kan yi ta yi wa gola ihun ya fito. A wasan hoki na kan ƙanƙara, wanda Kanada ta yi suna a kansa, ana fitowar, amma da lissafi.

Faɗin ragarsu mita 1.83 ne kacal, ta ƙwallon ƙafa kuwa 7.32. Shi ya sa golan kan sulalo gaba kaɗan ya tare hanya, sannan ya riƙa ja da baya daidai da gudun ɗan gaban, ba ya yarda ya riga ɗan gaban motsi. Da an buga ɗan faifan robar da suke wasa da shi a madadin ƙwallo, sai ya zube bisa gwiwoyinsa, ƙafafu a baje, ya toshe ƙasa, hannu da sanda su tsare sauran. Patrick Roy, wanda ya ci kofin Stanley da ƙungiyar Montreal Canadiens a 1986 da 1993, shi ya yaɗa wannan salo.

Golanmu ba zai iya cike raga da jikinsa haka ba. Amma don Allah ya daina faɗuwa tun ba a buga ba.