Zaɓen faɗin tiyon mai a motocin tsere

1. Buƙatar inji

Daga inji ake fara lissafi. Injin fetur yana shan kimanin giram 230 a awa bisa kowane ƙarfin doki guda. Ke nan mai ƙarfin doki 500 yana buƙatar kilo 115, wato wajen lita 150 a awa. In da metanol yake aiki, adadin ya wuce ninki biyu.

2. Hasarar matsi ta gogayya

A cikin tiyo mai faɗin milimita 8, wannan mai yana tafiyar mita 0,8 a daƙiƙa. A mai milimita 6 kuwa, mita 1,5. Wannan ragi na milimita 2 kawai yana ninka hasarar matsi (perte de charge) kusan sau huɗu. Matsin da ya isa inji sai ya faɗi, mai ya gaza, silinda ta yi zafi har fiston ya ƙone.

3. Hasarar matsi ta fizgar mota

Idan tanki yana baya, tiyo kuma tsawonsa mita 3, fizga ta 1 g tana danne mai zuwa baya, ta cinye bar 0,22. Faɗaɗa tiyo ba ya rage wannan ko kaɗan, domin tsawo ne ke jawo shi. Ga injekta mai aiki da bar 3 abin da sauƙi. Ga karburato mai bar 0,4 kuwa, rabin matsi ya tafi. Maganinsa shi ne famfo mai matsi babba kusa da tanki, da madaidaicin matsi (régulateur) dab da inji.