Baƙin da Ke Cikin Hanji

Wanda ya ci kasuwar Maigatari ran Alhamis, ya gaji da ƙurar kara da hayaniyar dillalan shanu, ya ratse inuwa inda matan Fulani suke jera ƙorensu, in ya tambayi ɗayarsu yadda madarar jiya ta wayi gari kindirmo, za ta gaya masa cewa dafawa ta yi, ta bari ta huce, ta ɗiga ɗan ragowar tsohon nono a ciki, ta rufe da faifai ta bar shi ya kwana. Ita ba ta ɗauki wannan wani ilmi ba, alhali kuwa kiwo ta yi, kiwon wasu halittu da ido ba ya gani, waɗanda suke cin zaƙin madara su mayar da shi tsami.

Mu Hausawa mun yi musu kuɗin goro, mun kira su duka ƙwayoyin cuta, kuma a ganina an zalunci mafi yawansu da wannan suna. Tun 1683 wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba da madubin da ya wasa da hannunsa, ya ga abubuwa suna motsi. Amma sai a zamaninmu aka gane yawansu, domin ƙididdigar da aka yi a 2016 ta nuna cewa jikin baligi yana ɗauke da wajen tiriliyan 38 na bakteriya, akasarinsu a babban hanji, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Ba zaman banza suke yi ba. Abin da tumbi ya kasa narkarwa na harzar hatsi da ganye su ne suke sarrafa shi ya zama abincin bangon hanji, suna samar da wasu bitamin, suna horar da garkuwar jiki, kuma suna cika wuri har mugun baƙo ya rasa masauki. Malaman ɗibbu na da, da suka mayar da ciki asalin yawancin cututtuka, ashe ba su yi nisa da gaskiya ba.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne binciken da wasu masana na Italiya suka buga a 2010, inda suka gwama yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da miyar ganye, da yaran birnin Florence. Sai aka tarar hanjin ’ya’yan ƙauyen ya fi yalwar ire-iren waɗannan halittu, musamman wadda ake kira Prevotella, gwanar narkar da harza. To, wane ne a Gagarawa ko Sule Tankarkar bai san wannan cima ba? Tuwon gero ne da miyar kuka da daddawa, wadda ita ma sai bakteriya sun yi kwanaki suna aiki a kan kalwa kafin ta yi ƙamshi. Kada dai a yi mini mummunar fahimta: cimar da ba ta isa ba tamowa take haifarwa, kuma nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauko tarin fuka daga saniya.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta kafso, wato maganin kashe bakteriya. A Gumel, kamar ko'ina, mutum yakan ji murɗar ciki ya tsaya kemis ya sayi guda biyu ya haɗiye, ba tare da sanin cewa maganin ba ya bambanta mai gida da ɓarawo. Sai dai hujjojin ba su karkata gefe guda ba. A Madarunfa ta jihar Maraɗi an gwada amoxicillin a kan yara sama da 2,000 masu tamowa mai tsanani wadda ba ta haɗu da wata cuta ba, aka bayyana a 2016 cewa bai ƙara yawan masu warkewa ba, ko da yake ya rage waɗanda aka kai ga kwantarwa. Bayan shekara biyu kuma, wani gwajin ya nuna cewa raba wa ƙananan yara azithromycin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu a Nijar da wajen kashi 18 cikin 100, tare da cewa an ga alamun ƙwayoyin da suka fara bijire wa maganin a hanjinsu.

Farkon gadon ɗan Adam na waɗannan baƙi daga uwa yake, wajen haihuwa da wajen shayarwa. A cikin nonon uwa akwai wani nau'in sukari da jariri ba ya iya narkarwa, wanda hikimar Ubangiji ta tanada domin bakteriyar Bifidobacterium, kuma ya fi yawa a dakashi, wannan nono mai ruwan ɗorawa na kwanakin farko da har yanzu wasu tsofaffi suke sa a matse a zubar, a ɗura wa jinjiri ruwa a madadinsa.