Tsimin Mai a Tafiya Tsakanin Duniyoyi: Misali daga Wasan Kerbal Space Program

A shekarar 2011 wani kamfani mai suna Squad da ke ƙasar Meziko ya fitar da wasan kwamfuta da ake kira Kerbal Space Program, aka kuma kammala shi a 2015. A cikinsa mai wasa yana harhaɗa kumbo, ya harba shi daga wata duniya ta ƙirƙira mai suna Kerbin zuwa maƙwabtanta. Duniyoyin na almara ne, amma dokokin tafiyar na gaske ne, don haka duk wanda ya yi gaggawa sai mansa ya ƙare, 'yan sama jannatinsa su yi ta zagayen rana babu ranar dawowa.

Abin lura na farko shi ne, a sararin samaniya ba a auna tafiya da nisa. Ana auna ta ne da abin da masana ke kira delta-vi, watau jimlar canjin gudun da kumbo zai iya samu daga man da ya ɗauko. Tun a 1903 Konstantin Tsiolkovsky, wani malami ɗan Rasha, ya nuna cewa ninka mai ba ya ninka wannan adadi, domin shi kansa man kaya ne da sai an ƙona wani man kafin a ɗaga shi. Ke nan tsimi ya fi ƙari amfani.

Hanyar tsimin kuwa wani injiniya Bajamushe, Walter Hohmann, ya bayyana ta a 1925. Kerbin tana zagayen rana da gudun da ya haura mita 9,000 a daƙiƙa, kuma kumbon da ya bar ta ya riga ya gaji wannan gudu kyauta. Maimakon a miƙe ɗoɗar zuwa Duna, jar duniyar da ke matsayin Mars a wasan, sai a ɗan ƙara wa kumbo gudu ta fuskar da Kerbin ta dosa, a kashe inji. Falakinsa zai miƙe ya zama mai siffar ƙwai, gefe guda yana taɓa falakin Kerbin, ɗaya gefen yana taɓa na Duna. Tafiyar takan ci kwana kamar 300 na Kerbin, masu awa shida-shida.

To, amma isa falakin Duna daban, samun Duna a wurin daban. Mai wasa kamar maharbi ne da ke auna inda barewa za ta kai, ba inda take tsaye ba. Dole a jira sai Duna tana gaban Kerbin da kimanin digiri 44 kafin a tashi, kuma wannan dama ba ta komowa sai bayan shekara biyu da 'yan kai. Haka abin yake a zahiri: tsakanin duniyarmu da Mars damar tana zuwa ne duk wata 26. Kumbon InSight na Amurka ya rasa ta 2016 saboda matsalar wata na'ura, tilas ya jira har watan Mayu na 2018.

Inda hikimar ta fi armashi shi ne wurin da za a kunna inji. Hermann Oberth ya lura cewa ƙarin gudu ya fi riba idan an yi shi lokacin da kumbo ke tsananin gudu, watau yana dab da duniya, domin ƙarfin motsi yana ƙaruwa ne gwargwadon gudu sau kansa. Alal misali, kumbon da ke zagaye a tsawon kilomita 80 bisa Kerbin yana bukatar delta-vi kimanin mita 1,070 a daƙiƙa don ya wuce Duna kai tsaye. In kuwa ya fara kuɓuta daga jan Kerbin tukuna, sa'an nan ya sake kunna inji can a fili, sai ya kashe kusan 1,860. Masu koyo sukan zaɓi ta biyun don ta fi sauƙin fahimta, alhali asara ce tsagwaronta. Sai dai ta farkon tana son a dace da wuri: ana kunna inji a gefen dare, jim kaɗan bayan rana ta faɗi wa kumbon, don jan Kerbin ya lanƙwasa hanyarsa ta fita daidai inda ake so. Kumbon Indiya, Mangalyaan, da irin wannan dabara ya yi ta faɗaɗa falakinsa kaɗan-kaɗan a 2013, ya isa Mars a watan Satumba na 2014.

Saura tsayawa. Kumbon da ya isa Duna sai ya rage gudu, in ba haka ba ya wuce abinsa. Duna tana da siririyar iska mai kaurin kilomita 50, kuma ana iya ratsa samanta ta zame wa kumbo birki ba tare da an ƙona ko ɗigon mai ba. In an nutsa da yawa, sai kumbo ya faɗi ƙasa ko zafi ya lalata shi. In an yi sama-sama, sai ya fice ya koma zagayen rana.