Ƙurar Hunturu da Kurmin Amazon

Duk shekara, daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, ta lulluɓe ƙasar Hausa da hazo. Mutane suna fama da tari da mura, wani lokaci ma jiragen sama su kasa sauka. Amma binciken masana kimiyya ya nuna cewa wannan ƙura tana da wani aiki a can ƙetaren teku.

Babban tushen ƙurar shi ne kwarin Bodele, a arewacin ƙasar Cadi. Shekaru kamar 7,000 da suka wuce, wurin yana ƙarƙashin ruwa, domin a lokacin tafkin Cadi ya fi murabba'in kilomita 300,000 faɗi. A cikinsa akwai kifaye da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda ake kira dayatom. Da ruwa ya janye, sai ɓawonsu da ƙasusuwan kifi suka zama farar ƙasa marar nauyi. Iska tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan ƙasa zuwa sama. Hakan yana faruwa kwana wajen 100 a shekara.

A shekarar 2006 hukumar NASA ta Amurka da takwararta ta Faransa suka harba tauraron ɗan'adam mai suna CALIPSO. Yana haska hasken laza zuwa ƙasa, ya auna abin da ya dawo masa. Ta haka ake sanin kaurin ƙura da tsawon da ta kai a sama. Ya yi aiki har zuwa 2023.

A 2015 Hongbin Yu da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon awon da tauraron ya yi daga 2007 zuwa 2013. Sun gano cewa tan miliyan 182 na ƙura suna barin Sahara ta yamma kowace shekara, kuma tan miliyan 27.7 suna sauka a kurmin Amazon na Kudancin Amurka. A cikin ƙurar akwai sinadarin fosfaras kimanin tan 22,000, irin wanda ake sawa a takin zamani. Ƙasar Amazon tana da ƙarancinsa, saboda ruwan sama mai yawa yana wanke shi zuwa koguna. Abin da ƙura take kawowa ya yi kusan daidai da abin da ruwa yake ɗaukewa. Wato hamada ce take yi wa kurmi taki.

Sun kuma lura cewa idan damina ta yi kyau a yankin Sahel, ƙurar da take ƙetare tekun Atlantika a shekara mai zuwa tana raguwa.

Sai dai magana ba ta tsaya nan ba. Da farko an ɗauka Bodele ce take ba Amazon kusan rabin ƙurarta. Wani bincike na 2020 ya nuna cewa yawancin ƙurar Bodele tana zuba a Afirka da cikin teku kafin ta isa can, kuma hamadar El Juf da ke tsakanin Mali da Muritaniya ta fi aikawa. Wani na 2019 kuma ya nuna cewa hayaƙin ƙonon daji na Afirka shi ma yana kai fosfaras mai yawa.

Wannan gyara yana da muhimmanci ga manoman Sahel. Ƙurar da ba ta ƙetare teku ba tana sauka a gonakin Nijar da Nijeriya da maƙwabtansu, tana ƙara wa ƙasa sinadarai. Farar hodar da ake sharewa a tsakar gida da safe, wani ɓangarenta ragowar halittun tsohon tafkin Cadi ne.