Hayar Kwamfuta Irin ta Injin Sussuka

Duk wanda ya taɓa yin kaka a Gafasa ya san ranar da injin sussuka ke shigowa. Tun kafin a gan shi ake jiyo rugugin a-kori-kurar da ke janye da shi, yara na biye a guje. Mai gona ya riga ya tara dammunansa wuri guda, ya tanadi buhuna da basilla da zare, ya kira 'yan'uwa biyu ko uku masu miƙa zangarniya. Kafin la'asar, aikin da mata za su kwashe kwanaki suna yi a turmi ya ƙare. Ƙaiƙayi ya cika wuyan riga, an ƙirga buhuna, an sallami mai inji, ya ja abinsa zuwa gona ta gaba. Ban taɓa jin mai dami hamsin ya ce zai sayi injin nan ya girke a zaure ba. Me zai yi da shi sauran wata goma sha ɗaya?

Wannan hoton ne ya faɗo mini a rai ran da ɗan yayata, mai karatun kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, ya same ni rai a ɓace. An ba shi aikin kammala karatu: hotunan tauraron ɗan'adam na gonakin Ajingi da Gaya, na shekaru da dama, zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya auna yadda shuka ke yin kore da yadda take bushewa. Kwamfutarsa ta cinya ta yi kwana biyu tana huci, wuta ta ɗauke, batir ya mutu, komai ya koma farko.

"Kawu, ko dai gona za a jinginar a saya mini babbar kwamfuta?"

Na ce masa a'a, hayar inji za mu yi.

Aikin kwamfuta iri biyu ne, kamar ciniki. Akwai na kiri, wanda kake tsaye kana jiran amsa nan take: ka miƙa wa mai POS katinka, ko ka tura saƙo a WhatsApp. Akwai kuma na jimla, inda ake tara aiki ya yi tsibi, a danƙa wa inji, a tafi a kwanta, da safe a zo a kwashi sakamako. Albashin ma'aikatan ƙananan hukumomi 44 na Kano a ƙarshen wata aikin jimla ne. Haka lissafin da banki ke rufewa da shi cikin dare. Haka tankaɗe da rairayar da hukumar zaɓe ta INEC ta yi a 2022, lokacin da ta gwada yatsu da fuskokin mutum sama da miliyan 12 da suka yi rajista, ta fitar da kusan miliyan 2.8 a matsayin marasa inganci, akasari saboda rajista fiye da sau ɗaya. Dabarar ta girmi kwamfutar ma. Tun ƙidayar Amurka ta 1890 Herman Hollerith ya riƙa tara katuna masu huji yana zuba wa injinsa tari-tari. Mu kuwa ba sai an je Amurka ba. Tarihi ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su suka je dutsen Dala neman tama, kuma jikokinsu har yau ba sa hura wuta don lauje ɗaya. Sai aiki ya taru ake zuga zuga-zugi.

Mun ma ga irin wannan aikin jimla a ƙofar gida, sai dai ba mu san sunansa ba. A shekarun yaƙi da shan-inna, wajen 2013 zuwa gaba, masu ɗiga wa yara riga-kafi a ƙananan hukumomin Kano suna yawo da wata waya a jaka wadda ba ta kira, aikinta kawai ta riƙa rubuta inda aka taka. Da yamma a tattara wayoyin, a juye abin da suka tara, a aika, a ɗora sawun a kan taswirar garuruwa da rugage. Kafin fitar gobe an san unguwar da aka tsallake. A Sumaila, nan kudu da mu, aka ga yaro na ƙarshe da ƙwayar shan-inna ta daji ta kama a Kano, a Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agusta 2020 aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ita.

To shi wurin da ake hayar injin, wato gajimare, ko kilawud a bakin masu sana'ar, ba wani abu ba ne a sama. Gidaje ne manya, shaƙe da kwamfutoci, da sanyin na'ura da wutar da ba ta ƙiftawa, kana hayar wani yanki nasu ta intanet. Amazon ne ya buɗe kasuwar sosai a 2006, Microsoft ya biyo da Azure a 2010, ga kuma Google. Labarin da ya fara jan hankalin mutane na jaridar New York Times ne a 2007. Tana da tsofaffin maƙaloli miliyan 11 da aka ɗauki hotonsu, tana son mayar da su takardun da za a iya karantawa a intanet. Wani ma'aikacinta ya yi hayar kwamfuta 100 daga Amazon, suka gama cikin kwana ɗaya, kuɗin hayar wajen dala 240. Gayya ke nan: kadadar da mutum ɗaya zai yi kwana ɗari yana nomewa, mutum ɗari sun tashe ta kafin faɗuwar rana.

Abin da muka fara yi ni da yaron ba shi da daɗin ji, amma shi ne tushe: makulli. Asusun da ka buɗe da shi kamar makullin ƙofar gida ne, yana buɗe ko'ina har ɗakin da ake ajiye kuɗi. Sai ka ɗaura masa tsaro na biyu, lambar da ke zuwa ta wayarka, ka adana shi, sannan ka yanka ƙananan makullai. Manhajar da za ta yi aikin a ba ta izinin karanta wannan rumbun bayanai da rubutawa a wancan, shi ke nan. Ɗalibai da yawa sukan manta makullinsu a cikin rubutun manhaja su ɗora a shafin intanet na GitHub, alhali akwai ɓarayi da suka saki na'urori suna sintiri dare da rana don irin wannan ganimar. Suna samu sai su kunna injuna da sunanka su haƙi kuɗin kirifto, bashi kuma a wuyanka.

Daga nan sai zaɓen garin da injin yake. Amazon ya buɗe babbar cibiyarsa ta Afirka a Cape Town a Afrilun 2020, ya ƙara wani ɗan reshe a Legas a 2023. Microsoft na Afirka ta Kudu tun 2019, Google ya buɗe a Johannesburg a farkon 2024. Ga mai aikin kiri nisa matsala ce, don kowace daƙiƙa ana ji. Mai aikin jimla ba ruwansa, tunda barci zai yi. Abin da zai duba shi ne farashi, da inda bayanan suke tun asali, da kuma doka. Hotunan gonaki ba sirrin kowa ba ne, don haka muka kai injin kusa da inda aka ajiye su maimakon mu jawo su Gafasa. Amma da sunayen marasa lafiya ne, ko lambobin NIN na 'yan ƙungiyar manoma, da magana ta canja. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da irin waɗannan daga ƙasar, kuma ƙa'idojin hukumar NITDA na son bayanan gwamnati su zauna a gida. Irin wannan buƙatar ce ta sa kamfanin gwamnatin tarayya, Galaxy Backbone, ya gina cibiyar bayanai a Kano, wadda aka ƙaddamar a Janairun 2023.

Sauran shirin bai wuce abin da mai gona ke yi kafin inji ya iso ba. Rumbu biyu, ɗaya na ɗanyen kaya ɗaya na wanda aka gama. Ita manhajar a ƙunshe ta da duk tarkacen da take buƙata a cikin ƙunshi guda, wanda aka fi yi da Docker tun fitowarsa a 2013, yadda duk injin da ta sauka a kai za ta yi aiki iri ɗaya, babu zancen "ai a tawa kwamfutar tana yi". Sai layi, inda ayyukan ke jira kamar kwanuka a gidan niƙa. Sai mai kula da layin, irin su AWS Batch ko Azure Batch, wanda ke duba tsawonsa ya kunna injuna daidai buƙata. Shi wannan za ka faɗa masa lambobi biyu: mafi yawan injin da ka yarda ya kunna, da mafi ƙaranci. Na biyun ka rubuta sifili.

A nan nake so a tsaya, domin a nan na taɓa ƙonewa. Wata Alhamis da dare, shekarun baya, na kunna injuna ashirin a wani kamfanin gajimare, da hannu, ba tare da mai kula da layi ba. Na ce da safe zan kashe. Da asuba aka kira ni ana suna a gida, na kama hanyar Wudil, na wuce Gaya, na shiga ƙauye inda sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kafin ka ga sanda ɗaya. Aikin ya ƙare cikin awa uku. Injunan kuwa suka ci gaba da zama a kunne, ba sa tsinana komai, har Litinin. Mai injin sussuka in ya gama yakan ja abinsa ya tafi, ko ba ka nan. Wannan ba ya tafiya, mitarsa na gudu, kuma da dala take ƙirga. Wanda ya ga yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024 ya san nauyin wannan magana. Amazon ya fara karɓar naira a 2025, an samu sauƙin biya, amma tushen farashin bai bar dala ba. Tun daga waccan Litinin, kafin in kunna komai sai na sa ƙararrawar kasafi, wadda za ta turo mini saƙo idan kuɗi ya kai rabin abin da na ware, kuma kowane aiki sai na yanka masa wa'adi: in ya wuce awa kaza, a kashe shi ko ya gama ko bai gama ba.

Akwai hanyar samun araha, kuma kamar don aikin jimla aka yi ta. Kamfanonin nan kullum suna da injunan da ba kowa a kai, sai su bayar da su a farashin ragowa, rangwamen da kan kai kashi 90 cikin ɗari a wajen Amazon. Kamar motar da ta sauke kaya a kasuwar Wudil ran Juma'a za ta koma fanko, direba ya ɗauke ka a kuɗi kaɗan, da sharaɗin in mai cikakken biya ya tsayar da shi za ka sauka. Gargaɗin minti biyu kacal Amazon ke ba ka. Saboda haka ba a zuba aiki a dunƙule. Yaron nan da farko manhaja ɗaya ya rubuta mai cinye hotunan duka a zama guda, shi ya sa ɗaukewar wuta ke mayar da shi farko. Muka yanka ta buhu-buhu, kowane hoto aikinsa daban, yana gamawa ya ajiye sakamako a rumbu. Muka kuma tsara ta yadda in an maimaita buhu ɗaya sau biyu ba za a samu ninki ba, sabon sakamako ya hau kan tsohon. Ga hoton gona wannan ƙaramin abu ne. A lissafin albashi kuwa, shi ne ke hana a biya mutum sau biyu. Kowane aiki kuma ya bar bayanin abin da ya faru da shi a rubuce, domin da safe in ka tarar bakwai sun faɗi cikin ɗari uku, kana buƙatar sanin ko hoton ne ya lalace ko injin aka ƙwace.

Wani tarkon kuma a ƙofar fita yake. Shigar da bayanai galibi kyauta ne, fitar da su ne ake caji, ga kuɗin datar wayarka a kai. Don haka a bar ɗanyen kaya can, a sauko da taƙaitaccen sakamako kawai, a kuma ajiye kwafinsa a hannu. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sai da suka ji a jikinsu.

Ba kowa nake ba shawarar wannan hanya ba. Shugaban makarantar da ke da ɗalibai ɗari huɗu a Toranke ko Balare, mai son haɗa sakamakon zango, kwamfutar cinya da Excel da ɗan faifan sola sun ishe shi, duk wanda ya ce masa sai da gajimare kuɗinsa yake so. Mai mudu biyu turmi ya fi masa. Haya tana da amfani ne idan aikin ya fi ƙarfin injinka, kuma yana zuwa ne lokaci-lokaci. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta dace da wuri irin namu. Ba ta buƙatar wutar NEPA ta kwana, ba ta buƙatar sabis mai ƙarfi duk yini. Minti goma na sabis mai kyau sun isa ka tura umarni, ka rufe kwamfutarka.

Haka yaron ya yi. Bayan isha'i ya hau babur zuwa inda sabis ya fi kama, ya jera ayyukansa a layi, ya dawo ya kwanta. Washegari ina fitowa daga masallaci wayata ta yi ƙara.

"Kawu, an gama. Huɗu sun faɗi, sun sake tashi da kansu."

Na ce, "Injuna nawa ne a kunne yanzu?"

Ya yi shiru, ina jin yana latse-latse, can wani zakara na cara a bayansa.

"Sifili, Kawu."