Tsohuwar Zuma Ce Ke Barin Amya

Mai amya ba ya kama ƙudan zuma ya zuba a ciki. Nasa shi ne ya saƙa amya da ciyawa, ya yaɓe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau ɗorawa ko kaɗanya ya ɗaure ta tsakanin rassa, ya sauko ya zuba wa sarautar Allah ido. In an dace, wata rana lokacin da itatuwa suka ɗauki fure sai ayari ya taso daga wata nahiya, baƙi ƙirin, yana ruri, ya shige. Sai a ce zuma ta shiga amyar wane. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa ke cikin ayarin nan. Da yawa za su ce ai 'ya'ya ne suka kawo ƙarfi suka bar wa uwa gida, yadda aka saba gani a wurin 'yan Adam. To, a wurin zuma uwar ce ke fita. Tsohuwar sarauniya, wadda ta haifi kowa a gidan, ita ke tashi da rabin jama'a ko fiye, ta bar saƙa da ajiyar zuma da ƙwai ga 'yar da ko ƙyanƙyashewa ba ta yi ba tukuna. Mutanen da, har da Aristotle na Girka, sarki suke ce mata. Sai a ƙarni na 17 aka tabbatar mace ce, kuma sana'arta ƙwai, wanda a lokacin yalwa takan saka sama da 1,000 a rana guda.

Tashin nan shiri ne na makonni. Akwai wani sinadari da ke fita daga jikin sarauniya, masu yi mata hidima su lasa su miƙa wa na kusa da su, a haka har ya game gida, kowa ya san uwa na nan lafiya. Idan jama'a ta yi yawa har rabon kowa ya zama kaɗan, ga cunkoso, ga abinci ya wadata, sai ma'aikata su fara gina wasu ɗakuna masu tsawo a gefen saƙa. Ƙwan da ke cikinsu bai bambanta da na kowace ma'aikaciya ba, abinci ne kawai aka canza masa, aka yi ta ɗura wa tsutsar wani farin ruwa mai gina jiki, cikin mako biyu da 'yan kwanaki ta fito sarauniya. A daidai wannan lokaci ake rage wa tsohuwar abinci, ana tura ta ana zungura, har ta faɗa ta iya tashi, don sarauniyar da ke kan ganiyar ƙwai ta yi nauyin da fikafikanta ba za su ɗauke ta ba. Ranar tafiya kowace mai fita sai ta cika cikinta da zuma, guzuri ke nan. Ba a fita kuma sai an rufe ɗakin magajiya, wato sai an tabbata akwai wadda za ta riƙe gida.

Duk wanda ya san yadda ake buɗe sabuwar ikilisiya a yawancin ɗarikunmu zai ga kansa a juye cikin wannan labari. Abin da aka saba shi ne a ɗauki yaro da ya gama makarantar Littafi Mai Tsarki jiya, da amaryarsa, a ba shi ɗan albashin da ba ya zuwa kan kari, a yi masa addu'a a gaban jama'a, a sa shi a mota zuwa ƙauye ko bayan gari inda bai san kowa ba. Baba Fasto mai shekara 30 cikin aiki kuwa yana babbar majami'a, inda ga dattawa, ga mawaƙa, ga Zumuntar Mata, ga asusu, wurin da ko an yi wata uku ba fasto sujada ba za ta tsaya ba. An ba mai rauni aiki mafi wuya, an bar gwani a inda aka fi iya zama ba shi. Har abin ya zama jiki: in aka tura babban fasto sabon wuri sai a fara raɗa cewa laifi ya yi, an jefa shi daji. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma mukan tuna karin maganar ne ranar sasanta rigima kaɗai. Ra'ayina shi ne ikilisiyar da ke son haihuwa ta fitar da mafi gwanintar shugabanninta, tare da jama'a da guzuri, ta bar ginannen gida a hannun wanda ta riga ta rena.

Wani zai ce ƙwaro ba nassi ba ne, kuma gaskiyarsa. Sai dai nassin ma nan ya dosa. A Ayyukan Manzanni sura 13 an lissafa annabawa da masu koyarwa biyar a ikilisiyar Antakiya, waɗanda aka keɓe aka sallama su ne Barnaba, wanda sunansa ke kan gaba, da Shawulu, wato Bulus, mutanen da suka shekara suna koyar da wannan taro. Yahaya Markus, matashin da ya bi su, mataimaki ne, kuma shi ne ya juya daga hanya. A sura 14 ba su baro garuruwan da suka yi wa'azi ba sai da suka naɗa dattawa a kowace ikilisiya. Tarihin ƙasar nan ma ya nuna tsadar ɗaya hanyar. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin shiga cikin ƙasa, yankin da a lokacin ake kira Sudan, ba ƙungiya mai ƙarfi a bayansu. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, kuma sai a 1902 mishan ɗin da suka faro, wato SIM, ya samu zama a Patigi. Ba mai raina sadaukarwarsu, ECWA da ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga nan ta samo tushe. Amma abin da aka yi don babu yadda za a yi bai kamata ya zama tsarin ikilisiyar da ke da mutum 2,000 ranar Lahadi ba. Angilikan ta gwada akasin haka a 1990, zamanin Akbishop Abiodun Adetiloye, da ta keɓe bishop takwas ta tura su Minna da Kafanchan da Katsina da Sakkwato da Makurɗi da Yola da Maiduguri da Bauchi, cikinsu har da Josiah Idowu-Fearon da ya je Sakkwato. Manya aka sa a gaba, aikin ya biyo su.

Ayarin zuma ba ya zarcewa kai tsaye. Yakan sauka a reshe kusa da tsohon gida ya dunƙule, sarauniya a tsakiya, wani lokaci yini guda, wani lokaci kwana biyu ko uku. Daga cikin dubbai, 'yan ɗaruruwa ne ke fita neman wuri, kuma tsofaffin masu kiwo ne da suka san dajin. Wadda ta ga kogon itace sai ta shiga ta zagaya ta auna shi da ƙafa, ta dawo ta yi rawa a bayan 'yan'uwanta, rawar da ke nuna nahiya da nisa. Karl von Frisch ne ya warware ma'anar rawar, aka ba shi kyautar Nobel a 1973, ɗalibinsa Martin Lindauer kuma ya bi ayari da gudu a titunan Munich don ya ga inda za su sauka. Daga baya Thomas Seeley na jami'ar Cornell ya nuna cewa wuri mai kyau ya fi samun doguwar rawa, kuma wadda ta ga rawar ba ta ɗauka ta maimaita, sai ta je ta gani da idonta. Sarauniya ba ta da ta cewa a wannan shawara. Ga mai kafa ikilisiya, wannan shi ne sashen da aka fi tsallakewa. Sau da yawa wuri kan zaɓu ne don wani mai hali ya ba da fili, ko don wata ɗarika ta buɗe a can an ce kada a bar mu a baya. Ya kamata mutane da dama su je a lokuta dabam-dabam, maza da mata, manomi da ɗan kasuwa da malamar asibiti, su dawo da amsar tambayoyi na zahiri: wane harshe ake yi a gida, akwai masu bi da ke tafiya mai nisa zuwa sujada, wa ya riga mu aiki a wurin, an gai da mai unguwa da dagaci da limamin gari an ji ta bakinsu, da me iyalan da za su koma za su ci abinci. Gani ya kori ji, kuma ganin mutum ɗaya, ko da shi ne shugaba, bai isa ba.

Da an shiga sabon kogo, abin da ke cin guzuri shi ne gini. Kakin zuma daga jikin ma'aikata yake fita, kuma ana ƙiyasta sai sun sha kilo 6 zuwa 8 na zuma kafin su yi kilo ɗaya. Shi ya sa suke fara 'yar saƙa kamar tafin hannu, sarauniya ta soma ƙwai a kai, a riƙa ƙarawa gwargwadon yadda 'ya'ya ke ƙaruwa. Duk da haka yawanci ba sa kai labari. A dazuzzukan da ke kewaye da Ithaca a Amurka, Seeley ya tarar kimanin kashi 25 cikin 100 ne na sababbin gidaje ke tsallake hunturun farko, alhali wajen kashi 80 na tsofaffin suna tsallakewa. Sabuwar ikilisiyar da ta fara da ciyo bashin bulo da kwano da na'urar ƙara sauti ta ƙone guzurinta kan kaki. Falo ko rumfa ko ajin makaranta sun isa shekarun farko, balle a jihohin da samun takardar filin coci ke da wuya, kuma maƙwabta sun fi saurin sabawa da mutanen da suka zo gaisuwar mutuwa da barkar haihuwa fiye da lasifikar da ta tashe su tsakar dare. Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a Koranti yana ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa, ikilisiyoyin zamaninsa kuwa a gidaje suke taruwa.

Babbar hujjar masu ƙi ita ce uwar ikilisiya za ta rame. In fasto ya tafi da gida 20, baiko zai ragu, ƙungiyar mawaƙa za ta gurgunce, ginin da aka faro zai tsaya. Haka ne, kuma ba a shan zuma sai an sha harbi. Amma a lura da wanda ke ƙin tashin ayari a duniyar zuma: mai amya ne, don amyar da ta rabu ba ta ba shi zuma da yawa a wannan shekara, har masu kiwon zamani kan farfasa ɗakunan magajiya don su hana tafiya. Lissafinsa daidai ne in kwalabe ake ƙirgawa. Majalisar ikilisiyar da ke auna kanta da abin da ya shiga asusu ta zauna a kujerar mai amya ke nan. Gidan da aka bari kuwa shi ne mai saƙa da ajiya da ƙwai, shi ya fi kusa da tsira, kuma gurbin da manya suka bari ne ke fito da matasan da suka shekara goma suna zaune a benci ba a san sun iya koyarwa ba.

Akwai kuma masu cewa wannan ai ɓallewa ce aka sa wa riga mai kyau, mun ga isassun fastocin da suka kwashe rabin jama'a suka buɗe tasu a tsallaken titi. Zumar Afirka tana da tashi iri biyu, masu amya sun san su. Akwai wanda aka bayyana a sama. Akwai kuma ƙaura, inda yunwa ko wuta ko kwarkwasa ke sa gida duka ya watse ya bar amya fayau, ba magajiya ba komai. Na farko daga ƙoshi yake fitowa, na biyu daga wahala. Ana gane na ƙoshi a ikilisiya da abu uku da ba sa ɓoyuwa: an sanar a fili tun da wuri, an naɗa magaji kafin tafiya, an kuma yi nisan da ba za a riƙa jan mutanen juna ba. Ko na ƙoshin ma yana da iyaka, don amyar da ta yi ta sakin ƙananan ayari ɗaya bayan ɗaya a kaka guda takan ƙare ba ƙarfi, su ma waɗanda suka fita ba su kai su rayu ba.

Inda misalin ya gaza shi ne wajen zumunci. Sababbin sarauniyoyi kan kashe juna har ɗaya ta rage, tsohuwar kuma in ta tafi ba ta waiwaye, gida biyun sun zama baƙi har abada. Fasto mutum ne mai mata da 'ya'ya a makaranta, wataƙila da hawan jini, ba a ce masa tashi a bar shi da Allah ya kiyaye hanya. Sai a rubuta a takarda shekara nawa uwar ikilisiya za ta ɗauki albashinsa da kuɗin makarantar yara, yadda tallafin zai riƙa raguwa har sabuwar ta ciyar da kanta, da wanda zai duba littafin kuɗi. Shi ma Baba sai ya saki gidan da gaske, kada dattawa su riƙa bin sa da ƙarar magajinsa a waya yana yanke hukunci daga nesa, don ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ziyara dai wajibi ce ta kowane ɓangare. Tafiyar Bulus ta biyu ma da niyyar komawa duba garuruwan farko ta faro, a Listira kuma ya ɗauki Timoti, wanda daga baya ya bar wa ikilisiyar Afisa.